Kwalbatin Gangaren Ɗinya

Birnin Kudu,
Laraba, bayan la'asar.

Uwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Allah Ya sa takardar nan ta same ki kin sauka lafiya, ƙafafunki sun huce daga zaman mota, kin kuma dace da maƙwabta masu mutunci a inda aka sauke ki. Allah Ya tsare min ke a hanya da masauki, Ya kare ki daga sharrin da kike gani da wanda ba kya gani.

Na san za ki yi mamaki ki warware naɗin zanen kwalbatin da kika ara ki ga wasiƙa ta faɗo, alhali gida ɗaya muke, ke ce ma kike kawo min tuwo. Dalilin shi ne na san halina. Gobe zan raka ki tasha, in ɓata lokaci ina yi wa direba faɗa a kan taya, in miƙa miki naɗin nan ta taga, in dawo gida ban faɗi abin da ya kamata in faɗa ba. Shekaru na yi ina haka. Shi ya sa na ce bari biro ya yi abin da baki ya kasa.

Ranar Lahadi kika tsaya a falo gaban zanen nan da ke rataye cikin gilashi tun kina firamare, kika ce in ba ki aronsa. Kika ce jami'ar da ta ɗauke ki ta ba ki sababbin ɗalibai, 'yan shekarar farko, ki nuna musu mene ne aikin injiniya tun kafin a fara jibga musu lissafi, kuma shi za ki ɗaga musu ranar farko su ga yadda aiki mai tsabta yake. Na ce to. Innarki tana gefe tana tsince zogale, ta ɗago ta dube ni, ta mayar da kai kan faranti. Kallon nan ya fi min zagi ciwo, domin ita ta sani.

Ga maganar a dunƙule kafin in warware miki ita. Babu lamba ɗaya da ta kauce a zanen nan. Ki duba da kanki, ki sa kwamfutarki ta duba. Amma kwalbatin da aka gina da shi ya cinye fiye da rabin gonar wani bawan Allah, kuma har yau bai gama ci ba. Kada ki ɗaga shi a gaban 'ya'yan mutane ki ce ga aiki mai kyau. Ina so ki ɗaga shi, amma ba da wannan sunan ba.

A lokacin ina aiki da wani ƙaramin kamfanin gine-gine a Gwaram, ban daɗe da dawowa daga ƙaro karatu ba. Aka ba mu hanyar burji da za ta fitar da amfanin gona daga wasu ƙauyuka gaba da Kwandiko zuwa kasuwa. Akwai wani kwari da hanyar za ta tsallaka, ana ce wa wurin Gangaren Ɗinya saboda wata tsohuwar ɗinya da ke bakinsa. Aka ce ni zan zana kwalbatin. Shi ne aiki na farko da zan sa wa hannu ni kaɗai, ba kowa a samana. Da kin ga babanki a lokacin da kin yi dariya: farar hular kwano, biro uku a aljihu, babur yana ƙara. Innarki ta ce har tafiyata ta canja, wuya a sandare kamar wanda aka ɗora wa tulu.

Da rani na je, na yi kwana uku ina awo. Kwarin a bushe yake, sai yashi da sawun shanu. Na auna faɗi da zurfi da gangara, na lissafa ruwan da zai gangaro daga tudun da ke sama, na ƙara wani abu a kai saboda tsaro kamar yadda littafi ya ce. Lissafi ya ba ni bututun kankare biyu a jere, kowanne akuya za ta shiga ta fita ba ta sunkuya ba.

Gonar da ke gefen kwarin, ƙasa da hanya, ta wani ce mai suna Malam Buba, cikin masu shanun nan da suka zauna wuri ɗaya suka haɗa noma da kiwo. Kullum sai ya kawo mana ƙwaryar fura da nono. A rana ta uku ya tsuguna kusa da ni ya tambayi girman bakin da zan yi wa ruwan. Na gwada masa da hannu. Sai ya yi min bayani dalla-dalla. Ya ce a yankinsu, da rani, manoman da ke sama sukan gayyaci masu shanu su sauka a gonakinsu saboda taki, a kewaye garken da ƙaya. In damina ta matso shanu suka tashi, sai masu gona su yi shara. Ƙayar shingen, da guntun karan da shanu suka bari, da tushiyar dawa, duk wanda gonarsa ke bakin kwari jansu yake yi ya tura ciki, haka suka tarar iyayensu suna yi. Ruwan farko mai ƙarfi shi ke kwashe su gaba ɗaya ya wuce da su.

Ya ce, "Malam injiniya, ruwa zai wuce ta ramukan nan naka. Ƙaya ce ba za ta wuce ba. In ƙaya ta tsaya kara zai hau kanta, yashi ya hau kan kara. Ka yi masa baki ɗaya babba. In kuma ba ka yarda ba, ka dawo ranar ruwan farko mu tsaya tare ka gani."

Uwata, na ji shi sarai, kada ki nema min uzuri. Abin da ya hana ni ɗauka shi ne babu ƙaya a littafin da na karanta, kuma mai maganar bai taɓa riƙe biro ba. Na ce masa lissafi ya riga ya kula da wannan. Na shanye furarsa, na hau babur. Ginin ma ba a fara shi ba sai bayan kaka, wato ina da damina guda cur da zan je in gani da idona. Ranar ruwan farko ina ofis a Gwaram ina ƙawata layukan zanen da kike riƙe da shi yanzu.

Don haka abu na farko da nake so ki yi wa ɗalibanki shi ne ki fitar da su daga aji tun makon farko, kafin kujera ta saba da su. Ba sai kin nemi wani babban abu ba. Akwai kwata a bayan ɗakin kwanansu da ke ambaliya, akwai famfon tuƙa-tuƙa da ya mutu a wata unguwa, akwai mai injin niƙa da bel ɗinsa ke tsinkewa duk mako. Ki raba su ƙungiya-ƙungiya ki tura su. Amma ranar farko ki karɓe musu tef ɗin awo, su je da kunne kawai. Wanda ya dawo miki da lambobi bai dawo da sunan mutum ɗaya da ya zauna da shi ba, ki mayar masa da takardarsa ya koma. Za su yi gunaguni, su ce su injiniya suka zo karanta ba hira da tsofaffi ba. Ki bar su su yi, gunaguni bai taɓa kashe ɗalibi ba. Kuma ki lura da waɗanda ke zama a baya suna jin kunyar Turancinsu. A cikinsu akwai ɗan mai haƙar rijiya, akwai 'yar mai walda. Sun zo da ilimin da ba su san ilimi ba ne, kuma in ba ki tambaye su ba, cikin shekara ɗaya za su koyi raina shi kamar yadda na raina na Malam Buba.

Damina ta farko bayan gini ta zo da sauƙi. Kwalbati ya tsaya, aka yaba min, na kai zanen aka sa masa gilashi. Ta biyu ce ta tona min asiri. Komai ya faru daki-daki kamar yadda mutumin ya faɗa. Ƙaya ta toshe bakunan biyu, kara ya hau, yashi ya rufe. Ruwa ya taru ya rasa hanya, ya zagaye kwalbatin ta gabas, ya yanke hanyar, ya faɗa gonar Malam Buba ya kwashe geron da bai daɗe da tsirowa ba. Da na je na tarar da kwalbatina tsaye ƙyam, ko tsaga bai yi ba, ruwa kuma ya yi wa kansa sabuwar hanya ta tsakiyar gonar mutum. Malam Buba yana tsaye a wancan gefen da sandarsa. Ya ɗaga min hannu ya yi min sannu da zuwa. Na amsa daga nesa, ban tsallaka ba.

Kamfani ya ce in rubuta rahoto. A nan na yi abin da ya fi na farko muni, domin na farko girman kai ne, wannan kuwa tsoro ne da ƙarya. Na rubuta cewa gini lafiyarsa ƙalau, mutanen yankin ne ke zuba shara a hanyar ruwa saboda rashin wayewa. Da Turanci mai kyau na rubuta, har aka yaba da rubutun. Aka cike hanya da jar ƙasa, aka bar bututun yadda suke, aka aika wa mai unguwa ya ja wa jama'arsa kunne. Kin san wa aka fi yi wa faɗa? Malam Buba, saboda shi ne mai shanu kuma shi ne mafi kusa da wurin. Wanda ya gargaɗe ni shi aka tara wa mutane. Masu gonakin sama kuwa ba su fasa sharar da suka gada ba, kuma ban ga laifinsu ba. Kwarin nan shekara da shekaru yana kwashe musu ƙaya bai taɓa cin gonar kowa ba sai da na sa masa ƙofa.

Abu na biyu, ki koya wa yaran nan su iya rubuta "na yi kuskure" tun yanzu da kuskurensu bai wuce na katako da kwali ba. In kin ba su aiki su haɗa ƙaramar gada ko matatar ruwa, ki ware rana guda da kowace ƙungiya za ta tashi ta faɗi abin da ya karye mata da dalilin karyewar. Ki ba da maki mai tsoka a kan wannan, ya fi na wanda ya kawo abu mai sheƙi ya ce komai ya tafi daidai. Wanda ya ce komai ya tafi daidai ki ƙara matsa masa da tambaya, ko dai bai gwada ba ko yana ɓoyewa. Kuma kada ki bari a yi wa mai faɗin gaskiya dariya a ajinki, ko sau ɗaya. Ni a zamaninmu wanda ya yi kuskure a allo shi ne abin nishaɗin aji har ƙarshen zango. Mun fito mun iya lissafi, mun kuma iya ɓoye ɓarna, duka biyun a makaranta muka koya.

Akwai wani abu da ya shafe ki a wannan daminar, ban sani ba ko kina tunawa. Kina da shekara bakwai. Ana ruwa da rana, kika tsuguna a tsakar gida kina cusa guntayen kara a bakin rariya, ruwa ya taru ya shiga zaure ya jiƙa tabarmi. Kika rugo da murna kina cewa in zo in ga yadda kara ya hana ruwa wucewa. Na daka miki tsawar da ban taɓa yi miki irinta ba, na buge miki hannu. Kika yi kwana biyu ba ki zo kusa da ni ba. Ba tabarmi ne suka dame ni ba. Abin da na ƙi gani da difiloma a aljihu, 'yata ta gano shi da wasa a bakin rariya. Ki yafe min wannan. In kin ga ɗalibi ya kwance abu don ya ga cikinsa, ko ya toshe abu don ya ga inda ruwa zai bi, ki tambaye shi me ya gani kafin ki tambaye shi wa ya sa shi.

Na ukun shi ne ya fi kusa da aikin da za ki fara, shi ya sa nake so ki karanta shi sau biyu. Makarantu sukan turo mana ɗalibai su yi wata shida suna sanin makamar aiki, kuma ni ake ba su. Na mayar da su masu kwafi. In zaunar da su a ofis, in shimfiɗa musu zanen Gangaren Ɗinya tunda shi ne mafi kyau a cikin zanena, in ce su kwafa har hannunsu ya faɗa. Akwai wani a cikinsu, Sunusi, mai kaifin kai da yawan tambaya. Sau uku yana roƙona in kai su su ga kwalbatin a tsaye. Na farko na ce babu mai a babur, na biyu na ce hanya ta lalace, na uku na ce in yawon buɗe ido ya zo yi ya faɗa min in sallame shi. Bai sake tambaya ba. Na kashe masa abin da ya fi komai amfani a jikinsa, na ba shi sakamako mai kyau ya tafi.

Bayan shekaru muka haɗu ranar kasuwar Gwaram. Ya zama babban mutum, ga mota ga tumbi. Ya durƙusa ya gaishe ni a gaban jama'a, ya ce duk abin da ya zama ni ne sila. Sannan ya ce, da alfahari, zanen nan nawa ya yi amfani da shi a wurare da dama, lambobi kawai yake canjawa. Na tambaye shi me ake nomawa a saman waɗannan wuraren, ko shanu suna sauka da rani. Ya yi dariya ya ce, "Oga, ina ruwan kwalbati da shanu?" Ya saya min tsire, na karɓa, na yi godiya, na dawo gida ban ce masa komai ba. Kuskuren birkila a gini ɗaya yake tsayawa, na malami kuwa tafiya yake yi a mota zuwa garuruwan da malamin bai taɓa takawa ba.

Saboda haka kada ki ba su amsa su kwafa, ko da amsar taki ce kuma kin tabbata da ita. Ki ba su matsalar, ki riƙe bakinki. Na san wannan zai yi miki wuya, domin ke 'yar babanki ce, ba kya iya ganin mutum yana lalube ba ki karɓe abin kin yi masa ba. Ki daure. Ki zauna a kan hannuwanki in ta kama.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Washegarin ranar da kika nemi zanen, na ce muku zan je gaisuwa Gwaram. Ba ƙarya na yi ba, amma ban faɗi duka ba. Daga tasha na hau acaɓa zuwa Gangaren Ɗinya, wurin da na yi fiye da shekara ashirin ina zagaye masa. Kwalbatin yana nan, ko gezau. Hanyar da ruwan ya yi wa kansa ta zama kwazazzabo, mutum ya tsaya a ciki ba a ganin hularsa. Na auna da ƙafa daga bakin ramin zuwa rijiyar gidan Malam Buba, taku goma sha tara. Bayan rijiyar rumbuna ne, bayan rumbuna ɗakunan iyali. A ganina damina biyu ta rage wa rijiyar, in aka samu mai ƙarfi ma ɗaya ta isa. Ɗansa Haruna, magidanci mai 'ya'ya biyar, shi ke shiga bakin kwalbatin da fartanya duk ruwan farko yana janye ƙaya, ruwa iya ƙirji. Bara saura kaɗan ya tafi da shi.

Malam Buba ya tsufa, idonsa ya yi rauni, amma da na yi sallama a gindin ɗinyar ya ce, "Malam injiniya ne?" Na zauna a ƙasa. Na faɗa masa komai, har da rahoton, har da kalmar rashin wayewa, na fassara masa ita da Hausa don kada in sake fakewa a bayan Turanci. Ya saurara har na gama yana jujjuya sandarsa.

Ya ce, "Ni na san kuskurenka ne tun ranar. Abin da ban sani ba shi ne ko kai ka sani."

Na ce na sani, tun ranar.

Ya ce, "To na yafe maka, duniya da lahira. Amma ka ga yafiyata ba za ta tare ruwa ba. Me za a yi wa rijiyar?"

Uwata, na yi kuka a gaban mutumin nan, ba na jin kunyar faɗa miki. Ya sa aka kawo min fura.

Zan iya zama in zana gyaran ni kaɗai, kuma in ta kama haka zan yi, domin na yi rantsuwa ruwan farko na bana ba zai tarar da bakin nan yadda yake ba. Na yi magana da mai unguwa, ya ce za su yi gayya su kawo dutse da yashi. Na kira Sunusi a waya na faɗa masa abin da na kasa faɗa a kasuwa. Ya ce zai bi wuraren nasa ɗaya bayan ɗaya, kuma zai turo mana injin kwaɓa kankare da ma'aikata. Amma ina so kafin a fasa komai ɗalibanki su gani. Wannan ɓarnar ta ci gonar mutum, ta kusa cin ɗansa. Zai zama asara ta biyu a rushe ta ba wanda ya koyi komai daga gare ta.

Ga yadda nake so ki yi. Ranar farko ki ba su zanen, ki ce su binciko kuskure. Za su yi mako suna dubawa ba su samu ba, su dawo su ce aikin ya yi. Sai ki nemi izini da mota ki kawo su nan kafin damina. Na san shugaban sashenku zai ce ba a saba fita da 'yan shekarar farko ba, zai ce ke sabuwa ce, ki bari ki zauna tukuna. Ki gaishe shi da ladabi, ki koma gobe, ki koma jibi. In ya ba ki mota ɗaya ki kawo na mota ɗaya. Masauki ba matsala ba ne, mazan su sauka a zaure da gidan kawunki, matan Innarki ta ce nata ne, har ta fara maganar tukunyar da za ta ara.

In kun isa, ki tsayar da su a bakin kwazazzabon da zanen a hannunsu, ki tambaye su yadda aka yi lissafi ya yi daidai gona ta tafi. Kada ki ambaci ƙaya. Kada ki nuna musu Malam Buba, yana nan zaune a gindin ɗinya, ina so in ga wane ne a cikinsu zai fara ajiye tef ya je ya gaishe shi. Wannan ɗalibin ki riƙe sunansa. Su hau sama su ga gonakin da shanu suka sauka, su yi magana da Haruna, su kawo shawarwarinsu na gyara, mu baje su a gaban mutanen garin kowa ya tofa albarkacin bakinsa. Abin da za a gina sai ƙwararre ya duba ya sa hannu, wannan ba wasan yara ba ne, su ma su san haka. Kuma in kin ga hadari ya haɗo daga gabas ki fitar da kowa daga cikin ramin, ruwan wurin ba ya sallama.

Saura abu ɗaya, shi ne mai nauyin. Tun kina ƙarama kike gaya wa mutane babanki injiniya ne, da wata irin murya da nake jin daɗinta fiye da duk wani yabo da aka taɓa yi min. Saboda zanen nan kika ce za ki karanci abin da kika karanta. Ina tsoron in kin gama karanta takardar nan muryar za ta canja. Wannan tsoron ne ya rufe min baki shekara da shekaru, ba na kamfani ba. Amma na auna shi da taku goma sha tara ɗin nan, na ga bai kai ba. Gara ki rage ganin girmana da ki tsaya gaban aji ki koyar da ƙaryata da bakinki mai gaskiya.

A ƙasan zanen, ta hannun dama, akwai ɗan akwati mai sunan wanda ya zana da sa hannunsa. Jiya na ɗauko reza zan kankare shi, Innarki ta tsaya a kaina ta ce in na taɓa shi ita za ta rubuta miki da kanta. Na ajiye. Ɗalibai ba makafi ba ne, za su ga sunan, su ga irin naki ne, wani mai ƙarfin hali ya tambaya. Kada ki naɗe wurin, kada ki ɗora yatsa a kai. Ki ce musu babanki ne, kuma zai zo da kansa ya amsa tambayoyinsu. Ranar zan riga ku isa. Za ku tarar da ni a gindin ɗinya kusa da Malam Buba, ba hular kwano, ba biro a aljihu, kuma duk abin da suka tambaya zan faɗa.

Ki riƙe sallarki a kan lokaci, ki ci abinci kafin ki shiga aji, domin kin san yunwa tana sa ki faɗa kamar wani da na sani. Innarki tana gaishe ki, ta ce yajin yana cikin jakar baya. Allah Ya ba ki haƙuri da 'ya'yan mutane, Ya sa su amfana da ke, Ya sa kada hannunki ko na wanda kika koyar ya zama sanadin hawayen wani. Allah Ya kai ki lafiya, Ya dawo min da ke lafiya, ke da su, kafin ruwan farko.

Wassalam.

Babanki,
wanda sunansa ke ƙasan zanen.